Me mai sanda ke ƙara wa gwanin makaɗi? Amsa daga rayuwar Kirill Kondrashin

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, na jima ina sauraron kiɗan gargajiyar Turawa a intanet. Na lura idan na buɗe tsohon faifan wani shahararren mai piyano ko mai goge, ɗan Amurka ne ko ɗan Rasha, sau da yawa sai in ga sunan wani Kirill Kondrashin a gefe. Wane ne shi? Kuma tunda mai piyanon ne ke kiɗa, wancan da ke tsaye yana kaɗa sanda me yake ƙara masa? Anya yana da hannu a ɗaukakarsu?"

Ɗan'uwa, tambayarka ta faɗo gidanta. Aikina koyar da piyano ne da raka masu waƙa da masu goge, kuma mutumin nan da ka ambata yana cikin na farko da nake sa ɗalibaina su zauna su saurara. Yana da hannu, hannu ma ba ƙarami ba. Amma sai ka san abin da ke faruwa a kan dandamali kafin ka ga inda hannun yake.

Irin kiɗan da kake ji sunansa konceto. Gwani ɗaya ne a gaba, a bayansa kuma ƙungiyar makaɗa da ake kira okestira, mutum saba'in, tamanin, wani lokaci har ɗari: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙaho, masu ganga. Kowa da takardarsa a gabansa, amma abin da shi kaɗai zai kaɗa ne a rubuce a ciki. Mai sandan nan, wanda ni nake kira madugu, shi ne ke riƙe da littafin da ya haɗa na kowa. To, gwani ba agogo ba ne. Yakan ja wani wuri ya tsawaita shi kamar mai jan numfashi, ya zo gaba ya rama lokacin da ya ci. Yadda ya ja jiya wajen gwaji ba lallai haka zai ja yau a gaban jama'a ba. Mai ƙahon da ke can ƙarshen dandamali ba ya jin piyanon sosai, kuma yana bukatar ya cika huhunsa kafin ya busa. Saboda haka dole madugu ya ɗaga hannu tun sautin bai zo ba. Ma'ana sai ya san inda gwanin zai sauka tun gwanin bai sauka ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mawaƙi a wajen biki ya ga yadda mai kalangu ke kafe bakin mawaƙin da ido, ya san abin da nake nufi. Mawaƙin ake yi wa liƙi, amma ranar da aka haɗa shi da makaɗin da ba ya saurare, kowa zai ji waƙar tana ɗingishi.

Na taɓa raka wata ɗaliba mai goge a taron ƙarshen zango, tsoro ya sa ta tsallake layi biyu cur ba ta sani ba. Na ji, na tsallaka tare da ita, iyayen da ke zaune ba wanda ya lura. Ni kaɗai ne da yatsu goma, ga shi sai da gumi ya jiƙe min riga. Yanzu ka ƙiyasta mutumin da zai juya mutum tamanin a cikin ƙiftawar ido irin wannan, ba tare da ya ce uffan ba.

An haifi Kondrashin a Mosko a 1914, mahaifinsa da mahaifiyarsa duka makaɗan okestira ne, don haka a cikin sana'ar ya buɗe ido. Ya yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta Mosko a hannun Boris Khaikin. Daga nan ya shiga gidan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa daga farko har ƙarshe, da fari a Leningrad, sannan a Bolshoi na Mosko daga 1943 zuwa 1956. A ganina sirrinsa yana nan. Shekara kusan ashirin ya yi a ramin da ke gaban dandamali yana bin mawaƙa, kuma babu mai wuyar bi kamar mawaƙi, don numfashinsa ne ke mulkinsa, yau yana da tsawo gobe ya gajarce. Wanda ya ƙware a nan, raka mai piyano ba zai gagare shi ba. Da ya bar Bolshoi sai ya zama mutumin da manyan gwanayen Tarayyar Sobiyat ke so a tsayar musu a baya.

Sai 1958 ta zo. A watan Oktoban 1957 Sobiyat ta harba tauraron Sputnik, Amurka na ta cizon yatsa. Mahukuntan Mosko suka shirya gasar Tchaikovsky ta duniya karo na farko, da zummar nuna cewa a fagen kiɗa ma su ne a gaba. Mashahurin mai tsara kiɗa Dmitri Shostakovich ne shugaban kwamitin shirya gasar, gwanin piyano Emil Gilels ke jagorantar alƙalan piyano, wani gwanin piyanon, Sviatoslav Richter, na cikin alƙalan. Sai ga wani dogon saurayi ɗan shekara 23 daga jihar Texas ta Amurka, mai piyano Van Cliburn. Ba baƙon sana'a ba ne: mahaifiyarsa ce ta fara koya masa, ita kuma ta yi karatu wajen Arthur Friedheim, almajirin Liszt, shahararren gwanin piyano kuma mai tsara kiɗa. A makarantar Juilliard ya zauna gaban Rosina Lhévinne, wadda ita kanta a Mosko aka horar da ita. Ya ci kyautar Leventritt a 1954, amma kafin 1958 kasuwarsa ta fara ja baya, gayyata ta yi ƙaranci. Kusan a ce ya je Mosko ne neman mafita.

A zagayen ƙarshe, cikin watan Afrilu, ya kaɗa konceto na ɗaya na Tchaikovsky da na uku na Rachmaninoff, manyan masu tsara kiɗa na Rasha, Kondrashin na riƙe da makaɗa. Ka tuna halin da madugu ke ciki a irin wannan gasa. 'Yan takara na zuwa ɗaya bayan ɗaya, yawanci da kiɗa iri ɗaya, makaɗa sun gaji, lokacin gwaji kaɗan ne. Madugun da ya ga dama zai iya kashe yaro ba tare da kowa ya kama shi da laifi ba: ya ɗan ƙara sauri inda yaron ke son sararawa, ya bar masu ƙaho su danne shi. Ga kuma yaron ɗan ƙasar abokan gaba ne. Kondrashin bai yi haka ba, ya shimfiɗa masa tabarma.

Je ka saurari farkon konceton Tchaikovsky ɗin da kunnen basira. Masu ƙaho ne ke buɗewa da sauti huɗu masu gangarowa, okestira ta amsa da duka ɗaya, har sau uku. Sannan piyano ya shigo, amma ba shi ne ke ɗauke da waƙar ba. Masu goge ne ke rera ta, shi kuwa gwanin yana dasa manyan dunƙulen sauti daga ƙasan piyano zuwa samansa, kamar mai kafa ginshiƙai. Wato a mintin farko gwanin ne ɗan rakiya, madugu ne mai magana. Cliburn mutum ne mai son faɗi da natsuwa, ba ya gaggawa. Kondrashin ya buɗe masa waƙar daidai faɗin hannunsa, bai ja shi ba, bai kuma bari abin ya kwanta ba. Na Rachmaninoff kuwa akasin haka yake farawa: okestira na raɗa ƙasa-ƙasa, piyano ya shigo da waƙa mai sauƙi, sauti ɗaya a kowane hannu, irin wadda yaro ma zai iya bi. Idan masu goge suka ɗaga murya ko da kaɗan, waƙar ta nutse. A nan ake gane madugun da ya san darajar yin shiru.

Jama'ar zauren suka miƙe suna tafi na kusan minti takwas. Labarin da ya shahara shi ne sai da aka kai maganar gaban shugaban Sobiyat Nikita Khrushchev, ya tambaya ko yaron ne ya fi kowa, aka ce shi ne, ya ce to a ba shi matsayi na ɗaya. Lev Vlassenko na Sobiyat da Liu Shikun na Sin suka raba matsayi na biyu.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin amsar tambayarka. Cliburn ya nemi a bar Kondrashin ya bi shi Amurka, aka kuwa bari, ya zama madugun Sobiyat na farko da ya je can tun da aka shiga yaƙin cacar baka. Ranar 19 ga Mayu 1958 suka hau dandamalin Carnegie Hall tare, washegari birnin New York ya yi wa Cliburn jerin gwano ana watso masa takardu daga saman benaye, karramawar da ba a taɓa yi wa makaɗin irin wannan kiɗa ba. A ƙarshen watan suka ɗauki konceton Tchaikovsky wa kamfanin RCA, faifan ya zama na farko a wannan fanni da aka sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya, ya kuma ci kyautar Grammy. Amurka ba ta rasa manyan madugai ba a lokacin. Saurayin da duniya ke rububinsa ya san dalilin da ya sa ya ce shi dai a kawo masa wancan na Mosko.

Ba zan ɓoye maka ra'ayina kan abin da ya faru da Cliburn daga baya ba, don abin yana taɓa ni. Nasarar ta zame masa keji. Duk inda ya je Tchaikovsky ake so, shi dai, shi dai, shekara da shekaru. Gwani na bukatar lokacin da zai kulle ƙofa ya koyi sabon abu, ya yi kuskure inda ba mai gani, shi kuwa ba a ba shi wannan lokacin ba. A 1978 ya janye daga dandamali, bai dawo ba sai a Disambar 1987, lokacin da ya yi kiɗa a fadar White House gaban Reagan da Gorbachev. Ya sha komawa Mosko, kuma akwai hotunan bidiyonsa da Kondrashin na 1962 da 1972. Gasar da ke ɗauke da sunansa a Fort Worth tun 1962 ake yin ta. Ya rasu a 2013. Madugu na iya buɗe wa gwani ƙofa, amma ba shi da iko kan abin da kasuwa za ta yi da shi bayan ya shiga.

Shi ma Kondrashin ya ci moriyar tafiyar, don cuɗanya ce, cuɗe ni in cuɗe ka. Sunansa ya fita duniya, a 1960 aka ba shi okestirar Filharmonik ta Mosko, ya riƙe ta shekara goma sha biyar. Sunayen da kake gani a gefen nasa yawanci na wannan zamanin ne. Leonid Kogan ya ɗauki konceton goge na Brahms da shi a Landan a 1959. Richter, wanda hukuma ta daɗe tana hana shi fita ƙasashen Yamma, da ya isa Landan a 1961 da Kondrashin ya ɗauki konceto biyu na Liszt, kuma har gobe idan ɗalibi ya tambaye ni wanne zai fara ji, wannan nake miƙa masa. Byron Janis, wani Ba'amurken, ya je Mosko a 1962 tare da ma'aikatan kamfanin Mercury da na'urorinsu, suka ɗauki konceton Prokofiev da na Rachmaninoff da Kondrashin. Richter da Cliburn ba su haɗa komai ba a hali ko a salo, amma kowannensu ya ji daɗin zama a hannun mutum ɗaya.

Akwai wani nau'in rakiyar da ya fi wannan nauyi, shi ne raka mai tsara kiɗan kansa. A Janairun 1936 jaridar Pravda ta yi wa Shostakovich kaca-kaca kan wata opera tasa, a zamanin da irin wannan rubutu kan iya zama sammacin mutuwa. A ƙarshen shekarar ya janye simfoninsa na huɗu, wato babban kiɗan okestira gaba ɗaya, ana tsakiyar gwaji. Kiɗan ya kwanta shekara 25 ba wanda ya ji shi, sai ranar 30 ga Disamba 1961 Kondrashin ya tashe shi a Mosko.

Shekara guda bayan haka aka zo kan simfoni na 13. Shostakovich ya ɗora shi kan rubutattun waƙoƙi biyar na marubuci Yevgeny Yevtushenko, na farkonsu kan Babi Yar, wani kwazazzabo a gefen birnin Kiev inda sojojin Nazi suka harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba 1941. Waƙar ta yi kukan cewa ba a kafa ko dutsen tunawa a wurin ba, ta kuma fito fili ta ambaci ƙin jinin Yahudawa a cikin Rasha kanta. Hukuma ba ta so. Madugu Yevgeny Mravinsky na Leningrad, wanda tun 1937 shi ke fara gabatar da mafi yawan manyan ayyukan Shostakovich, ya zame jiki. Mawaƙi mai babbar murya da aka fara nema, Boris Gmyrya, ya ce a kai kasuwa. Shostakovich ya juya ga Kondrashin, shi kuwa ya karɓa. Da yake ya san garinsu, sai ya shirya mawaƙa biyu maimakon ɗaya. Ranar 17 ga Disamba 1962 Khrushchev ya tara marubuta da masu fasaha, aka caccaki Yevtushenko. Washegari, ranar da za a yi kiɗan, mawaƙi na farko Viktor Nechipailo bai zo gwajin ƙarshe ba, an ce an tura shi wani aiki a Bolshoi. Sai na ajiye, Vitaly Gromadsky, ya shiga. Kamar yadda Kondrashin ya ba da labari daga baya, ana cikin gwaji aka kira shi a waya daga ma'aikatar al'adu, aka tambayi lafiyarsa, sannan aka tambaye shi ko za a iya yin kiɗan ba tare da kashin farko ba. Ya ce ba zai yiwu ba. Da daddare aka yi shi cikakke, kujerun manyan gwamnati babu kowa, an fasa nunawa a talabijin, zauren kuwa ya cika maƙil.

Ka lura da Gromadsky. Da safe mawaƙin ajiye ne, da dare sunansa ya shiga tarihi, kuma bayan shekara biyu shi aka sake ba wa sabon aikin Shostakovich kan Stepan Razin, nan ma da Kondrashin. Ga yadda madugu ke gina sana'ar mutum: ya zaɓe shi, ya horar da shi, ya tsaya a gabansa ranar da kowa ke neman hanyar gudu. Ba na cewa Kondrashin waliyyi ne. Ɗan jam'iyyar Kwaminis ne, kuma da aka tilasta sauya wasu baitocin waƙar a 1963 ya ci gaba da gabatar da kiɗan da sababbin baitocin. Amma a daren da abin ke da haɗari, shi ne bai motsa ba.

David Oistrakh, ɗan Odesa, wanda ya ci gasar Ysaÿe a Brussels a 1937, gwanin goge ne da ya daɗe yana aiki tare da Kondrashin. Shostakovich ya rubuta masa konceton goge na biyu a matsayin kyautar cika shekara 60, sai dai ya yi kuskuren lissafi da shekara ɗaya, kyautar ta iso a 1967 Oistrakh na da 59. A Satumbar shekarar suka gabatar da shi a Mosko, Kondrashin na jagora. Kiɗa ne na tsufa, ba ado, ba fankama. Akwai wuraren da goge ke hira da ƙaho ɗaya tilo, su biyu kamar tsofaffin aminai a zaure bayan kowa ya watse. Mai ƙahon yana can nesa, Oistrakh ya ba shi baya, ba sa ganin juna. Idon madugu ne kawai igiyar da ke tsakaninsu.

A Disambar 1978, yana rangadi a ƙasar Holan, Kondrashin ya nemi mafakar siyasa yana da shekara 64. A gida aka janye faifansa daga kasuwa. Gwanayen Sobiyat da ya raka shekara talatin ba su da halin sake hawa dandamali da shi. Okestirar Concertgebouw ta Amsterdam ta karɓe shi ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da madugunta Bernard Haitink, ya fara sabuwar rayuwa da sababbin abokan aiki. A 1979 ya ɗauki konceton goge na Beethoven da Kyung Wha Chung 'yar Koriya a Vienna. A Fabrairun 1980, a Munich, ya hau da Martha Argerich 'yar Ajantina, suka yi konceton Tchaikovsky ɗin nan dai da ya yi da Cliburn.

Idan kana son ka ji amsar tambayarka da kunnenka, jera faifan nan biyu, na 1958 da na 1980. Takarda ɗaya ce, madugu ɗaya ne. Cliburn na tafiya kamar basarake a kan doki ranar hawan salla. Argerich kuwa wuta ce a busasshiyar ciyawa, a kashi na uku tana zabura ba sanarwa, kuma a gaban jama'a aka ɗauka, babu damar a tsaya a gyara. Ka kasa kunne dab da ƙarshe, inda piyano ke yin ruwan sauti da hannu biyu shi kaɗai, sannan okestira gaba ɗaya ta faɗo da babbar waƙar. Idan madugu ya makara da rabin daƙiƙa, ginin ya rushe. Da mai natsuwa da mai zafin nama, duka biyun a kan gaɓa ya tare su. Na fi shekara ashirin ina sa wa ɗalibai wannan wurin, kuma har yanzu tsigar jikina na tashi.

An riga an tsayar da shi zai karɓi okestirar gidan rediyon Bavaria a Jamus, amma bai kai ga kama aikin ba. Ranar 7 ga Maris 1981, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 67, okestirar gidan rediyon arewacin Jamus ta iso Amsterdam ba madugu, domin Klaus Tennstedt da ya kamata ya jagorance ta ya janye. Aka roƙi Kondrashin ya cike gurbin cikin gaggawa. Ya amsa, ya jagoranci simfoni na ɗaya na Mahler da makaɗan da ba nasa ba. A daren nan zuciyarsa ta tsaya, a birnin da Oistrakh ma ya rasu a 1974. An ɗauki kiɗan wannan rana, yana nan ana samunsa. Ka fara da Liszt na Richter, ka bi da Tchaikovsky guda biyun, ka ajiye wannan na Mahler sai kunnenka ya saba da hannun mutumin.